Yadda zaka tura gaisuwar biki ta waya mutum ya ji da shi kake

Bikin da ya wuce na farka da safe na kunna data, kafin in wanke fuska wayata ta gama ƙugi, saƙo ya fi ɗari kuma wallahi rabinsu hoto ɗaya ne, wani jan fure da rubutu mai ƙyalƙyali yana juyawa, mutum goma sha wani abu duk shi suka turo min har da wanda rabon da mu yi magana tun muna makaranta. Haka na zauna ina dannawa ina gogewa dan wayar ta fara kukan ba wuri. A cikin tarkacen nan duka saƙo biyu kawai na tsaya na karanta har ƙarshe, ɗaya na ƙanwata ɗaya na wani tsohon abokin aikina, su biyun sun kira sunana kuma sun faɗi abin da ni kaɗai za a iya faɗa wa.

Shine nace bari in rubuta yadda nake yin nawa yanzu, tunda dai katin takarda ya riga ya tafi a wurin yawancin mu, ba wanda zai koma layin gidan waya yana manna kan sarki a ambulan hamsin. Ni bana cikin masu kukan wai waya ta kashe zumunci. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, to yanzu wani kaso nashi ya dawo babban yatsa, sai dai yatsan ma akwai mai himma akwai mai ƙiwa. Awon da nake amfani da shi ɗaya ne, Sallah ce ko Kirsimeti ko sabuwar shekara: in saƙon da ka rubuta zaka iya tura wa wani daban baka canza ko harafi ɗaya ba, to sanarwa ka yi. (Ina cewa "ka" ne dan sauƙi, 'yar uwa har da ke.)

Abin dariyar ma, shi kanshi katin takardan da ake ta yabo yanzu ana cewa shine na gaske, dabarar mai gudun wahala ce ta haife shi. A 1843 wani Bature a Landan mai suna Henry Cole, wanda daga baya ya zama shugaban farko na gidan tarihin da ake kira Victoria and Albert, wasiƙun gaisuwa suka mishi yawa, dama a 1840 Ingila ta fito da kan sarki mai araha kowa ya samu damar aika wasiƙa, shi kuma ba lokacin amsawa ɗaya bayan ɗaya, sai ya sa wani mai zane John Callcott Horsley ya zana mishi hoto aka buga kati 1,000 iri ɗaya. Burodkas ɗin zamaninsa kenan, wato saƙo ɗaya da ake watsa wa mutane da yawa lokaci guda. Amma a saman katin an bar fili inda za a rubuta sunan wanda za a aika wa, a ƙasa kuma sunan mai aikawa, dole ka ɗau alƙalami ka rubuta sunan mutum da hannunka ka nemo adireshinsa ka kai gidan waya. Wanda ya karɓa ya san aƙalla an yi minti biyar ana tunaninsa, kuma wannan minti biyar ɗin ne waya ta cire mana, shi zamu mayar da gangan.

Tes (wato SMS) na farko a duniya ma gaisuwar biki ce. Ranar 3 ga Disamba 1992 wani injiniya ɗan shekara 22 mai suna Neil Papworth ya tura wa Richard Jarvis na kamfanin Vodafone kalma biyu na barka da Kirsimeti, daga kwamfuta ya tura, Jarvis kuma bai amsa ba dan wayoyin lokacin karɓa kawai suka iya. A ƙarshen 1994 wata mata Judith Donath a jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe shafin da zaka zaɓi hoto ka rubuta 'yan kalmomi a sanar da mutum ta imel ya je ya buɗe katinsa. Abin ya karɓu har a 1999 kamfanin Excite@Home ya sayi shafin kati na Blue Mountain a kan dala miliyan 780, sai kasuwar kamfanonin intanet ta rushe, a 2001 aka sayar wa American Greetings shi dala miliyan 35, ka ji faɗuwar baƙar tasa. To ya isa haka, mu zo ga aiki.

Fara da takarda da biro

Kwana uku ko huɗu kafin bikin ka ajiye waya ka ɗau takarda ka rubuta sunayen mutanenka daga ka. Dalilin da yasa nace daga ka, in ka buɗe WhatsApp waɗanda kuka yi hira kwanan nan su zaka gani a sama, alhali wanda ya fi buƙatar gaisuwarka yana can ƙasa an binne shi, malaminka da ya yi ritaya, ƙanwar mahaifiyarka da bata iya rubutu a waya ba, abokinka da ya rasa aiki ya yi shiru tun wata takwas. Waya ba zata tuna maka da su ba.

Sai ka raba su uku. Kashi na farko kar su wuce mutum goma zuwa sha biyar, iyaye da malamai da aminai da duk wanda shekarar nan ta zo mishi da nauyi, rashi ko ciwo ko zaman kaɗaici a wata ƙasa, su ne zaka kashe wa lokaci. Kashi na biyu abokan aiki da maƙwabta da 'yan ajinku, layi biyu da sunansu ya wadatar. Kashi na uku sauran jama'ar da ke cikin wayarka, mai gyaran da ka kira sau ɗaya da wanda kuka haɗu a tafiya, waɗannan ka sa gaisuwarka a sitatus, awa 24 take yi ta ɓace, mai so ya gani mai so ya wuce, baka cika wa kowa waya ba.

Maganar burodkas kuma, WhatsApp yana barinka ka sa mutum har 256 a jeri ɗaya, kuma wanda ya adana lambarka ne kawai saƙon zai isar wa, shi yasa wasu ke tura wa ɗari biyu suna jiran amsa alhali rabi basu ma gani ba. In kana da kwastomomi ko ɗalibai to ba laifi, kowa ya san sanarwa ce. Amma kar ka sa mahaifinka a jeri ɗaya da kwastoma. Kuma dan Allah kar ka buɗe sabon guruf ka zuba mutane a ciki dan kawai ka gaishe su, ka tona lambar kowa ga waɗanda bai sani ba, kuma kafin azahar rabi sun fice suna jin haushinka.

Me zaka rubuta

Nan ne mutane ke cewa ai ni ban iya rubutu ba. Ba insha'i aka ce ka yi ba. Ka fara da sunan da kake kiransa da shi a baki, Kawu ko Yaya ko Malam ko mutumina, sai ka kawo abu ɗaya tak da ya faru tsakaninku ko ya faru da shi a shekarar nan, sai addu'a ko fatan da ya dace da halin da yake ciki, shi kenan. Abu ɗayan nan na tsakiya shine duk maganar, shine ba a iya kwafa.

Duba wannan da kowa ya haddace: "Ina taya ɗaukacin 'yan uwa da abokan arziki murnar zagayowar wannan rana mai albarka, Allah ya maimaita mana." Ba kuskure a ciki, amma ba kowa a ciki. Yanzu duba wannan: "Kawu barka da wannan rana, ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Har yanzu ina tuna lokacin da na zo muku da maganar barin aiki kuka ce in ƙara haƙurin wata shida in gani, ga shi shekara ta zagayo ina godiya. Allah ya ƙara girma da lafiya ya bar mana ku. A gaida mutan gida." Minti biyu ya ɗauke ni, amma Kawu sai da ya sa aka karanta mishi sau biyu.

Na aboki ba sai ka yi ladabi ba, tsokana ma gaisuwa ce: "Mutumina barka! Bara war haka kana ta rantsuwa ka gama karatu har abada, yanzu naji wai ka koma digiri na biyu, Allah ya shirye ka ya kuma baka sa'a. Yaushe zamu haɗu?" Tambayar ƙarshen nan tana da amfani, tana buɗe ƙofar hira, in ba haka ba amin kawai zai rubuto a wuce wurin.

Wanda ya fi buƙatar kula shine wanda aka yi wa rasuwa. Biki na farko bayan rashi yana da zafi sosai, kuma ba abin da ya kai ciwo irin mutum yana zaune yana kallon kujerar da ba kowa sai ga hoton wasan wuta da sitika mai rawa ya shigo. Irin wannan ka rage murna ka ƙara kusanci: "Ɗan uwa na san wannan karon zai zo maka da nauyi tunda shine na farko babu Mama. Ina tuna yadda take tsare mu da tambayoyi duk sanda muka zo. Allah ya jiƙanta ya baku haƙuri. Ba sai ka amsa ba, zan kira jibi." In kuma ka ce zaka kira jibi to ka kira fa.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 na lura gaisuwar wasu ta ƙara tsawo ta ƙara santsi, wanda da ƙyar yake haɗa layi ɗaya sai ka ga ya turo sakin layi huɗu cike da haske da albarka da furanni. Ni dai bana hana kowa, in gyaran rubutu kake so ya maka to madalla, amma bai san ƙafar Kawu na ciwo ba, kuma wanda ya sanka ya san bakinka, yana karanta layin farko zai gane ba kai bane. Gara naka mai kuskure biyu.

Sai abu ɗaya da zan roƙa, kar ka haɗa gaisuwa da buƙata a saƙo ɗaya. Shekara guda baka nemi mutum ba, ranar biki ka turo addu'a mai tsawo, ƙarƙashinta lambar akawun. Daga ranar duk gaisuwarka da fargaba zai dinga buɗe ta. In kana da buƙata ka bari bikin ya wuce ka zo da ita a fili.

Yanzu bari in tona asirin kaina. Wata shekara wani ya turo min wata addu'a mai tsawo mai daɗi, nace kai wannan ta dace da Goggo, na danna fowad na tura mata na ci gaba da harkata ina jin na sauke nauyi. Da yamma sai ga kiranta, bayan mun gaisa tace, "Ɗan nan, addu'ar nan mai tsawo da ka turo, kai ka yi min ita ko kaima aro ka karɓo?" Nace haba Goggo ai ni na turo. Tace, "Na san kai ka turo, ai na ga kibiya biyu a kanta, jikokina sun nuna min ma'anarta." Kunya kaman ƙasa ta tsage. Tun 2018 WhatsApp yake sa alama a kan duk saƙon da aka yi fowad ɗinsa, in kuma saƙon ya bi hannu biyar ko fiye sai alamar ta koma kibiya biyu, kuma tun Afrilun 2020 irin wannan mutum ɗaya kawai zaka iya tura wa a lokaci guda. An yi hakan ne dan rage yaɗa jita-jita amma ya zama mai tona asirin malalatan gaisuwa irina.

Wasu sun gano cewa in ka kwafa ka liƙa alamar bata fitowa. Gaskiya ne, amma nan ma akwai rami, na taɓa kwafar saƙon da na rubuta wa aboki na liƙa wa wani malamina na manta ban cire "mutumina" da ke tsakiya ba. In haka ta same ka kana da minti 15 ka danne saƙon ka gyara, zai nuna an gyara amma ba zai nuna me ka cire ba, sai dai in ya riga ya karanta, nan kam sai ka kira ka bada haƙuri.

Murya

Ga tsofaffi da masu ciwon ido da duk wanda karatu ke ba wahala, saƙon murya ya fi rubutu nesa ba kusa ba, dan murya tana ɗauke da abin da harafi baya ɗauka, dariyarka da yadda kake jan sunansa. Ka samu wuri mara hayaniya, ka kashe fanka ko ka juya mata baya, ka riƙe wayar kaman tazarar tafin hannu daga bakinka kar ka manna ta, ka danna makirfon ka ja sama ya kulle dan kar yatsanka ya zame a tsakiya. Kana iya tsayarwa ka ci gaba kuma kana iya saurara kafin ka tura, ka saurara ɗin. Ka fara da sallama da faɗin ko kai waye, dan wani lokacin jika ne zai kunna mata bata ga sunan ba. Tsakanin sakan 40 zuwa minti ɗaya da rabi ya isa, wanda ya wuce minti uku mutane ninka gudunsa suke yi su ji ka kana magana kaman ana binka. In akwai yara a gidan ka miƙa musu wayar kowa ya ce nashi, ko wanda bai iya magana sosai ba, kaka zata iya kunna wannan sau ashirin.

Rubutun hannu ta cikin waya

Wannan ne na fi so kuma shine nake ganin ya maye gurbin katin da gaske. Ka rubuta wasiƙa da hannunka a takarda, ka ɗau hotonta, ka tura. Ka haɗa biyu kenan, saurin waya da kuma hannunka, dan rubutun hannu kaman fuska yake, wanda ya sanka yana ganin yadda kake lanƙwasa harafi zai ji kaman ka shigo ɗakin, ko da rubutun naka irin na kaza ne, ai kazar tasu ce.

Ni abin da nake yi, duk biki nakan zaɓi mutum ɗaya ko biyu kawai in musu doguwar wasiƙa ta zama ita ce kyautata a gare su, shafi ɗaya ko biyu. Ka sa kwanan wata a sama, wannan dole ne, dan bayan shekara goma shine abin da za a fara nema. Sai ka kawo abu biyu ko uku da kake tunawa da su game da mutumin amma na kusa-kusa, kar ka ce "kin taimake ni sosai a rayuwa", ka ce "Yaya ina tuna daren da zan yi jarabawar ƙarshe fitila ta mutu kika riƙe min tocilan har hannunki ya gaji kina canzawa". Ka faɗi godiyar da ka daɗe kana riƙe da ita baka taɓa furtawa ba, kusan kowa yana da irinta, abin da kunya ke hana ka faɗa ido da ido takarda tana ɗauka ba ruwanta. Kar ka tono tsohon faɗa ko da da niyyar cewa ya wuce, kar ka cika ta da labarin nasarorinka, kuma in ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai ka wuce, ba sai ka sake sabuwar takarda ba, gogen nan ma yana nuna mutum ne ya zauna ya yi.

Wajen ɗaukar hoton ne ake ɓata aikin. Ka yi amfani da baƙin biro ko shuɗi mai duhu, fensir baya fitowa. Ka shimfiɗa takardar kusa da taga da rana, ka kashe filashi dan yana wanke tsakiyar rubutun, ka goge gilashin kyamara da gefen riga, ka riƙe wayar a miƙe daidai saman takardar ka lura kar inuwar hannunka ta faɗa a kai. In shafin ya wuce ɗaya to manhajar Google Drive tana da wurin sikanin, masu iPhone kuma akwai shi a cikin Notes, zai gyara gefe ya haɗa maka su a PDF guda. Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto dan ya rage nauyi sai ƙananan haruffa su dushe, dan haka ko dai ka danna HD da suka ƙara a 2023 ko ka tura shi a matsayin dokumen ya tafi yadda yake. In mai karɓa tsoho ne ka manyanta rubutun, sannan ka biyo shi da saƙon murya kana karanta wasiƙar da kanka.

Ita kuma takardar ta asali kar ka yar, ka sa a ambulan ka rubuta sunansa, ranar da kuka haɗu ka miƙa mishi ko ka aika ta gidan waya in nesa yake. Zata iso a makare amma ba komai, hoton ya riga ya kai gaisuwar a kan lokaci.

Masu ƙaramar waya fa? Tes na nan bai mutu ba, kuma yana shiga inda data bata kaiwa. Sai dai ka san wannan, tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar ka sa imoji ko ɗaya daga haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ ko ɗ ko ƙ, sai wayar ta canza tsarin rubutun gaba ɗaya ya dawo harafi 70, saƙon da ka zata ɗaya ne sai ya tafi a uku a caje ka uku, wata tsohuwar wayar ma akwati-akwati zata nuna mishi a wurin harafin. Dan haka a tes ni b da d da k zalla nake rubutawa, a WhatsApp kuma in sa masu lanƙwasar tunda kibod ɗin Gboard yana da Hausa.

Lokaci kuma, ba dole sai sha biyun dare ba, a daidai lokacin ne kowa ke turawa naka ya nutse cikin ɗari. Na kashi na farko nakan tura da yammacin jajibiri ko da hantsin ranar bayan ƙurar ta lafa. Wanda ke wata ƙasa ka duba agogonsu, tsakanin Landan da New York ma awa biyar ne, kar ka tashi mutum ƙarfe uku na dare da sunan zumunci. In ka san ranar zaka shagala, a Telegram da Google Messages kana danne maɓallin turawa zai baka damar zaɓen rana da lokaci, Gmail ma yana da shi tun 2019. In imel zaka tura wa jama'a da yawa ka zuba adireshinsu a BCC, wurin da ke ɓoye adireshin kowa, in ka sa a CC kowa zai ga na kowa, sai wani ya amsa wa duka a wuni ana amin.

Hattara da katin da ya zo da linki

Ɓarayin intanet sun daɗe da sanin cewa ranar biki zuciya a buɗe take. Tun Disambar 1987 wani shiri da ake kira Christmas Tree EXEC ya bi hanyoyin kwamfutocin jami'o'i da na kamfanin IBM, yana zana bishiyar Kirsimeti a allo alhali a ɓoye yana tura kansa ga duk sunayen da ya samu. A 1999 aka yi Happy99 mai nuna wasan wuta na sabuwar shekara, a 2007 kuma Storm Worm ya dinga zuwa a imel wai wani ɗan uwa ko ɗan ajinku ya aiko maka kati. Salon bai canza ba har yau, kaya kawai aka sake.

Kati na gaske baya neman lambar sirrinka, baya ce maka sai ka sauke wata manhaja kafin ka gani, baya ce maka ka tura wa mutum ashirin dan ka ci kyautar data. In fayil ya zo sunansa ya ƙare da apk to manhaja ce, ba hoto bane, kar ka buɗe ko daga lambar yayanka ta fito dan wataƙila an riga an kwace tashi. In wani ya ce ya tura maka lambobi shida bisa kuskure ka karanto mishi, lambar shiga WhatsApp ɗinka ce yake nema. Ka shiga setin ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun kafin bikin, ka kunna wa iyayenka ma. Kai kuma in zaka gaida mutum ka sa gaisuwar a cikin saƙon kai tsaye, kar ka tilasta mishi danna linki, shafukan nan masu cewa rubuta sunanka ya fito da walƙiya talla ce fal a cikinsu.

Wajen amsawa, wanda ya turo maka jan furen nan imoji ɗaya ko amin ya ishe shi, ba wanda ya ci bashin wani. Amma wanda ya zauna ya rubuto maka naka na kanka kar ka sallame shi da babban yatsa, in baka da lokaci ranar ka bari sai gobe ka amsa da kyau, ka ambaci abin da ya faɗa dan ya san ka karanta. Wanda kuma ka rubuta wa bai amsa ba kar ka bi shi da alamar tambaya, ba ka san me ranar ta zo mishi da shi ba.

Saura adanawa, inda takarda ta fi waya. Katin da aka aiko wa kakanni yana nan a ƙasan akwati, amma saƙon shekara uku da suka wuce ya tafi tare da wayar da ta faɗa ruwa. Da farko ka duba ko saƙo mai ɓacewa yana kunne a hirarku, akwai na awa 24 da na kwana 7 da na kwana 90, in yana kunne wasiƙar da ka sha wahala a kanta zata goge kanta. Duk saƙon da ya taɓa maka zuciya ka danne shi ka sa mishi tauraro. Ka kunna bakof zuwa Google Drive ko iCloud, amma kar ka dogara da shi kaɗai, bayan kowane biki ka ɗau minti goma ka tura wa kanka muhimman ta imel, hotunan wasiƙu da sikirinshot da musamman muryoyin tsofaffi, ka sa sunan mutum da shekara a kan kowanne. Na Goggo guda huɗu gare ni a can yanzu, har da wanda take min faɗan kibiya biyu, dan daga baya sai da ta sake maimaita min shi a saƙon murya wai kar in manta.